Ƙwaya Takwas a Jikin Kwali Ba Ita Ce Ƙarfin Waya Ba

Yau maganar furosesa za mu yi, kuma zan faɗi ra'ayina tun daga farko don kada in ja ku da nisa. Wannan "Octa-core" da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwalin waya, ita kaɗai ba ta gaya maka saurin wayar. Abin da ke yanke hukunci shi ne irin ƙwayoyin da ke cikin furosesar, da kuma yadda aka saita kenel ɗin da ke juya su tun ranar da aka gina shi. Idan ka gane wannan, ba za a ƙara sayar maka da waya da lissafin ƙwaya ba, kuma ba za ka bari wani ya yi maka filashin ɗin da zai "buɗe duk ƙwayoyi" ya kashe maka waya ba.

MENE NE ƘWAYA, MENE NE KENEL?

Furosesa ita ce ke yin lissafin duk abin da wayarka take yi. A cikinta akwai ƙananan injina masu zaman kansu, kowanne yana iya ɗaukar aiki ɗaya ya yi. Su nake kira ƙwayoyi. Waya mai "Quad-core" ƙwaya 4 gare ta, mai "Octa-core" kuma 8.

Shi kuwa kenel shi ne ginshiƙin manhajar da ke tsakanin injin waya da manhajojin da kake taɓawa. WhatsApp ba ta zaɓar ƙwayar da za ta hau da kanta, kenel ne ke cewa wannan aikin ya tafi ƙwaya ta biyu, wancan ya jira, waccan ƙwayar ta yi barci. Duk wayar Android da ke hannunka, Tecno ce ko Infinix ko Samsung ko Redmi, kenel ɗin Linux ne a ƙasanta, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan.

Ka ɗauka wurin aikin gini ne. Ƙwayoyi su ne ma'aikata, kenel shi ne ogan aikin. Ma'aikata takwas da ogan da bai san waye magini waye lebura ba, ai sai ka tarar magini yana ɗibar ruwa, lebura yana ɗora bulo.

AWO KAFIN YANKA

Linux ɗin da ke cikin wayarka shi ne dai a cikin manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet. Bambancin yana wajen saiti. Kafin a gina kenel, injiniya yana zama ya zaɓi abin da zai shiga da abin da ba zai shiga ba, daga cikin zaɓuɓɓukan da suka haura dubu goma. Akwai umarnin da ake kira make menuconfig da ke buɗe jerin, sannan duk abin da aka zaɓa ya taru a fayil ɗaya mai suna .config. Kamar tela ne da yadi: yadin ɗaya ne, awon ne ya bambanta, kuma da zarar an yanka an ɗinka, to an wuce wurin. Da yawa daga cikin waɗannan zaɓuɓɓuka ba ka isa ka canza su daga saitin waya ba, sai an sake gina kenel ɗin daga tushe.

Bari in kawo maka guda biyu da suka shafi ƙwayoyi kai tsaye.

Na farko CONFIG_SMP. Shi ne ke ba kenel damar aiki da ƙwaya fiye da ɗaya a lokaci guda. Kenel ɗin da aka gina babu shi, ko ƙwaya ɗari ce a furosesar, ɗaya tak zai yi amfani da ita. A wayoyin yanzu masu tsarin ARM na bit 64 a kunne yake dole, ba a ma ba ka zaɓin kashe shi.

Na biyu CONFIG_NR_CPUS. Wannan lamba ce, ita ce iyakar ƙwayoyin da kenel zai yarda ya ƙirga. Idan aka rubuta 4 aka ɗora a furosesa mai 8, sauran huɗun suna nan a jikin injin lafiya ƙalau amma kenel zai yi kamar bai gan su ba. Idan kuma aka zuba lamba mai yawa ba dalili, kowane gurbi yana cin ɗan wuri a RAM. Kada ka ɗauka wannan labarin littafi ne kawai. Kamfanin Ampere na Amurka ya fitar da furosesar manyan kwamfutoci mai ƙwaya 192. Idan aka jera biyu a inji ɗaya sun zama 384, alhali lambar da Linux ke zuwa da ita wa tsarin ARM a lokacin 256 ce. Sai da aka ɗaga ta zuwa 512 a 2024. Ka ga inji na maƙudan kuɗi, amma layi ɗaya a fayil ɗin saiti yana iya zaunar da ƙwaya 128 ba aikin yi.

TAKWAS DA TAKWAS BA ƊAYA BA NE

A 2011 kamfanin ARM, wanda ke zana ƙwayoyin da yawancin wayoyi ke amfani da su, ya fito da tsarin big.LITTLE. Dabarar ita ce a haɗa manyan ƙwayoyi masu ƙarfi da shan batir da ƙanana masu tattali a furosesa ɗaya. Tun daga lokacin lissafin ƙwaya ya daina zama ma'auni.

Ga misalai. Galaxy S4 ta 2013, samfurin da ya zo da Exynos 5410, ƙwaya 8 gare ta, amma huɗu ne kawai ke aiki a lokaci guda: ko manyan huɗu, ko ƙananan huɗu. A 2015 iPhone 6s ta fito da ƙwaya 2 kacal, kuma a gwajin ƙarfin ƙwaya ɗaya ta wuce wayoyin Android masu takwas na shekarar. A wannan shekarar ce MediaTek ta sanar da Helio X20 mai ƙwaya 10, amma yau manyan furosesocinta sun dawo takwas.

Mu dawo kasuwarmu. Helio G35 ƙwaya 8 ce, dukkansu Cortex-A53, wato ƙaramar ƙwayar da ARM ta sanar tun 2012. Unisoc SC9863A ita ma 8 ce, dukkansu ƙananan Cortex-A55. Helio G85 kuwa tana da manya biyu Cortex-A75 da ƙanana shida A55. Helio G99 manyanta biyu A76 ne. Duk huɗun nan "Octa-core" za ka gani a kwali. Amma biyun farko babu babbar ƙwaya ko ɗaya a cikinsu. Ƙaramar ƙwaya tana bin umarni ne ɗaya bayan ɗaya yadda suka zo, idan na gaba yana jiran bayani daga RAM sai kowa ya tsaya. Babbar kuwa tana leƙa gaba ta ɗauko abin da za ta iya yi kafin wancan ya iso. Shi ya sa ko lambar gigahaz ɗinsu ta zo ɗaya, aikinsu ba ɗaya ba ne.

INDA SAITIN KENEL YAKE NUNA KANSA

Tunda ƙwayoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba, dole kenel ya san wacce ce wacce. Akwai fayil da ake haɗawa da kenel wanda za mu iya kira taswirar na'ura, a ciki ake rubuta masa ƙwaya nawa ce, wane rukuni kowacce take, da ƙarfin kowacce idan aka gwada ta da 'yan uwanta. Da wannan bayanin ne sashen kenel mai raba aiki yake yanke shawara. A Linux 5.0 na 2019 aka shigar da tsarin EAS cikin babban kenel, wanda ke duba wutar da aiki zai ci a kowace ƙwaya kafin ya ajiye shi, kuma wayoyin Android sun riga sun fara amfani da shi kafin lokacin. Idan lambobin da ke cikin taswirar ba daidai suke ba, mai raba aikin zai riƙa yin kuskure da zuciya ɗaya, yana ganin daidai yake yi.

Sai kuma gwamna. Haka sunansa yake a Linux, ba ni na raɗa masa ba. Shi ke ɗaga gudun ƙwaya ko ya sauke shi gwargwadon nauyin aiki. Akwai performance da ke ajiye gudu a ƙololuwa koyaushe, akwai powersave da ke ajiye shi a ƙasa, akwai schedutil da ya shigo a 2016 wanda ke karɓar bayani kai tsaye daga mai raba aiki.

Android kuma ta ƙara nata tsarin a kai: manhajar da ke gabanka a sikirin ana ba ta damar hawa duk ƙwayoyi, waɗanda ke aiki a bayan fage kuma a tsare su a ƙanana. Don haka idan ka buɗe CPU-Z ka ga manyan ƙwayoyin suna ƙasa-ƙasa ko wata ta kwanta, ba lalacewa ta yi ba, ba kuma kamfani ne ya ɓoye maka ita ba. Hutawa take don batir ɗinka ya kai yamma.

Na ƙarshe shi ne mai tsaron zafi. Akwai na'urorin auna zafi a jikin furosesa da batir, kuma an rubuta wa kenel iyakokin da idan aka kai zai rage gudu. Dalilin kuwa lissafi ne: kafin ƙwaya ta ƙara gudu sai an ƙara mata ƙarfin wuta, kuma wutar da take ci tana hawa ne da ninkin wannan ƙarin a kansa. Ɗan ƙarin gudu a sama-sama yana jawo zafi mai yawa. Wanda ya riƙe waya mai Snapdragon 810 a 2015 ya san zancen, ƙwaya 8 ce amma ta yi suna wajen zafi da saurin rage gudu.

TUKUNYA ƊAYA, MATA GOMA

Ko da an saita komai daidai, akwai iyakar da yawan ƙwaya ba ya ƙetarewa. Wani injiniya mai suna Gene Amdahl ya bayyana ta tun 1967. A gidan biki mata goma za su iya raba yankan albasa da gyaran kayan miya su gama nan da nan. Amma tafasar tukunya fa? Ko su ɗari ne sai ta ɗauki lokacinta. Haka aikin kwamfuta yake, wani sashe yana rabuwa, wani dole sai an bi shi a jere. Idan rabin aiki ba ya rabuwa, ƙwaya 8 za ta ba ka saurin da bai wuce kusan ninki 1.8 ba, kuma ko ka kawo ƙwaya dubu ba za ka haura ninki 2 ba.

Yawancin abin da kake ji a hannunka a matsayin sauri, irin buɗe manhaja, jan shafi sama da ƙasa, fitowar allon rubutu, ya rataya ne a kan zare ɗaya na aiki da ke zana abin da kake gani. Wannan zaren ƙwaya ɗaya yake hawa a lokaci guda. Idan ƙwayar mai rauni ce, sauran bakwai ɗin 'yan kallo ne.

MASU CEWA ZA SU BUƊE MAKA DUK ƘWAYOYI

A nan ne gaskiya raina yake ɓaci. Za ka ga bidiyo a TikTok ko YouTube, ko fayil yana yawo a Telegram, wai kenel ne na musamman da zai buɗe duk ƙwayoyin wayarka ta koma ta 'yan gem. Idan ka bincika abin da aka yi a ciki, sau da yawa bai wuce abu uku ba: an mayar da gwamna performance, an hana ƙwayoyi sauka, an ɗaga iyakar zafi ko an kashe mai tsaron gaba ɗaya. Lambar AnTuTu za ta hau a gwajin farko, mai bidiyo ya ɗauki hoto, shi ke nan ya samu abin da yake so.

Kai kuma da za ka zauna da wayar fa? Apple da kanta ta rubuta cewa an ƙera iPhone ne don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, kuma batirin sauran wayoyi ma irin wannan sinadarin litiyam ne. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, a watan Afrilu, zafin gari kansa yana haura 40. Wanda ya gina wancan kenel ɗin wataƙila a ɗaki mai sanyi ya gwada shi. Kai a cikin Keke Napep za ka yi amfani da shi da tsakar rana, data a kunne, fawa-banki a maƙale. Zafi yana tsufar da batir da wuri, kuma mu da muke buɗe bayan waya kullum mun san yadda kumburarren batir yake ɗaga murfi har ya tura sikirin.

Wannan ma idan kenel ɗin ya tashi kenan. Waya biyu masu suna ɗaya za su iya zuwa da gilashi ko na'urar taɓawa daga masana'antu daban-daban. Idan direban naka ba ya cikin kenel ɗin da aka gina, sai wayar ta kunnu sikirin baƙi ƙirin, ko hoto ya fito taɓawa ta ƙi, ko ta tsaya a logo tana ta zagaye. Daga nan sai mutum ya rikice ya ɗauko SP Flash Tool ya danna wanke komai, ya share sashen da lambar IMEI take, waya ta tashi amma layi ya ƙi hawa. Gyaran da ba a buƙata tun farko ya koma na kuɗi.

Kafin ma a kai nan, sai ka buɗe butloda, kuma buɗe ta yana goge duk abin da ke cikin wayar, hotuna da lambobi da komai. Bayan haka wayar tana iya faɗuwa a binciken Play Integrity na Google, wanda manhajojin banki da yawa ke dubawa kafin su yarda su yi aiki. A wayoyin Samsung kuwa akwai alamar Knox da idan ta ƙone ba ta dawowa har abada, ko ka mayar da manhajar kamfani. Idan da wayar nan kake karɓar kuɗin ciniki, ka auna da kyau.

Su kuma manhajojin "ƙara gudun furosesa" da ake saukewa a Play Store, waɗanda ba sa neman rutin, ba su da izinin taɓa gwamna ko ƙwaya ko ɗaya. Iyakarsu su rufe manhajojin baya su nuna maka talla.

AMMA A YI ADALCI

Wani zai ce, to kana nufin duk kenel ɗin da ba na kamfani ba shara ne? A'a. Akwai masu gina kenel da suka san aikinsu, suna ajiye asalin rubutunsu a fili a GitHub kowa ya duba, suna faɗin takamaiman samfurin da suka gina wa, suna lissafa abin da suka canza. Ayyuka irin LineageOS sun raya tsofaffin wayoyi da yawa da kamfanoninsu suka daina waiwaya. Kuma saitin kamfani ma ba wahayi ba ne, akan samu wanda aka yi shi da gaggawa. Haka nan yawan ƙwaya yana da ranarsa: haɗa bidiyo, matse manyan fayiloli, ko gina shi kansa kenel ɗin, duk ayyuka ne da ke rabuwa sosai.

Abin da nake cewa shi ne, mai gyaran kirki yana daidaita saiti ne da injin da ke gabansa, ba ya ture komai zuwa ƙarshe. Idan kana son koyo, hanya a buɗe take kuma ina ƙarfafa maka gwiwa. Amma ka nemi tsohuwar waya ta gwaji, ka adana asalin fayil ɗin boot ɗinta kafin ka taɓa komai, ka fara da saitin da kamfani ya fitar, ka canza abu ɗaya a lokaci guda ka gwada. Ba a koyon aski a kan ango ranar ɗaurin aure.

DARASIN FUROSESA MAI ƘWAYA 64

Akwai wani kamfani a Amurka mai suna Tilera da ya fitar da furosesa mai ƙwaya 64 tun 2007, lokacin da wayoyi ke da ƙwaya ɗaya. Daga baya har mai 72 suka yi. An shigar da tsarinsu cikin Linux a 2010. Kamfanin ya sauya hannu, masu kula da wannan sashe na kenel suka ja baya, sai a 2018, a Linux 4.17, aka cire shi tare da wasu tsare-tsare bakwai da aka daina kulawa da su. Ƙwayoyin ba su ragu ba, suna nan 64 ɗinsu. Abin da ya ƙare shi ne masu riƙe kenel ɗin. Daga ranar duk mai irin wannan na'ura sai dai ya zauna a tsohon kenel, ko wanda ya sayar masa ya ci gaba da ɗaukar nauyin da kansa.

Wayarka ma haka take. Ranar da aka daina sabunta kenel ɗinta, ramukan tsaron da aka gano bayan nan suna nan a buɗe. Google ta ɗan rage matsalar da tsarin GKI: wayoyin da suka fito da Android 12 zuwa sama a kan kenel 5.10 ko sabo suna amfani da gangar jikin kenel guda ɗaya, kamfanoni kuma su maƙala direbobinsu daga gefe. Sannan lasisin Linux, wato GPL, ya wajabta wa duk wanda ya sayar maka da na'ura mai wannan kenel ya ba da asalin rubutunsa. Samsung tana da shafin da take sakawa, Xiaomi tana saka na wayoyinta da dama a GitHub. Akwai kuma kamfanonin da ke jan ƙafa. A ganina wannan ya fi cancanta mu yi surutu a kai fiye da lambar da ke jikin kwali, domin haƙƙinmu ne mu masu saye.

ABIN DA ZA KA YI KAFIN KA BIYA

Ko a Farm Centre kake ko a wani shagon unguwa, kada ka tsaya a "Octa-core". Ka tambayi sunan furosesar, ka duba ko tana da manyan ƙwayoyi. A wayoyin da muka fi saye, idan ka ga A75 ko A76 ko A78 akwai manya a ciki, idan kuwa A53 ko A55 ce zalla to ka san abin da kake saye. A wayar da aka kunna, CPU-Z ko DevCheck za su nuna maka wannan cikin minti ɗaya. Ka shiga saitin waya, wajen bayanin waya, ka duba lambar kenel da ranar sabuntawar tsaro ta ƙarshe. Ka tambayi shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin sabuntawa. Idan za ka duba Geekbench, ka fara kallon makin ƙwaya ɗaya kafin na duka. Kuma kada ka manta da RAM da irin ma'ajiyar, domin UFS ta fi eMMC sauri nesa ba kusa ba, kuma hangin da yawa daga can yake tasowa.

Wayar da ke hannunka kuma, idan ta fara nauyi, ka fara da rage kayan da suka cika ma'ajiya, ka cire manhajojin da ba ka amfani da su, ka sa a duba lafiyar batir, ka daina danna ta tana caji a rana. Duk wanda ya ce zai buɗe maka ƙwayoyin da aka kulle, ka tambaye shi wane layi ya canza a saitin kenel ɗin, kuma me ya yi da iyakar zafi. Idan ya fara kame-kame, karɓi wayarka ka yi gaba.

Allah ya sa mu dace.